Rasuwar Rio Baltazar, Kaboyin Gidanmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wanda ban taho da shi daga Toronto ba, a nan na tarar da shi, nake sanar da rasuwar Rio Baltazar, kaboyi, maharbi, gwarzon mujallar zane, wanda ya zauna a gidanmu na La Trinidad tun kafin a haife ni.

Marigayin ɗaurin mujallu ne da mahaifina, Tatang Inggo, ya ɗinke da zaren kamun kifi. Bai taɓa harbin kowa ta baya ba. Bai taɓa barin dokinsa da ƙishi ba. Maganarsa kaɗan ce: "Ƙau! Ƙau!" sai hayaƙi.

Fitowa ta ƙarshe ce kawai Tatang bai karanta ba. Labari ya tsaya Rio na tsakiyar titi, maƙiya sun kewaye shi, bindiga ba harsashi. Tatang ya sayi ƙarshen, ya ɗinke shi a rufe, ya ce ba a leƙa ƙarshen aboki sai an shirya bin sa. Bana idanunsa suka mutu, likita kuma ya koma ba shi maganin rage zafi kawai. Sai ya aiko in zo in karanta masa.

Na makara. Ruwan guguwa ya shigo ta rufi ya ruɓar da zaren. Ranar Asabar tsofaffin jaridu suka ƙare wa yayata, Manang Saling, mai sayar da kifin banda, ta kwashi takardun da ta gani a warwatse ta tafi kasuwa.

Da na yi magana ta ce, "To da me zan naɗe kifin, malam mai digiri? Da digirin naka?"

Marigayin ya bar bangon mujalla, da rabin hula, da doki marar kai, da tsoho ɗaya wanda tun ranar ya ƙi zama. Ya sa takalman fatarsa, ya lalubo ƙofa, ya dawo, ya koma. Ni ma ban kwance jakata ba.

Na gwada ƙirƙiro masa ƙarshe. Ya saurara har na gama, ya ce, "Balong, ɗana, Rio ba ya dogon bayani. Wannan da ka kawo min lauya ne."

Za a yi jana'iza ranar Lahadi bayan coci, a gindin gwaibar bayan gida. Akwai kofi da burodi. Babu kifi.

Duk wanda ya sayi kifi a hannun Manang ranar Asabar, ya duba kwandon shararsa, ya kawo takardar, ko da mai, ko da ƙaya. Wanda ya riga ya hura wuta da tasa, in ya karanta kafin nan, ya zo ya faɗa da baki. Shi kada ya jira Lahadi. Tatang na bakin ƙofa.