Ɓeran Malam Bukar

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da na je neman aikin koyarwa a wata cibiyar koyon kwamfuta a unguwar Yerimaram. Mai wurin, Malam Bukar, dattijo ne mai shiru-shiru. Ya ce ba ya buƙatar takarduna, in tsaya gaban ɗalibai kawai in yi darasi ya gani.

Ni kuwa da shegen son burga, na ce zan gwada musu bambancin littafin bayanin manhajar kamfani da na manhajar kyauta, irin wadda kowa ke iya sa hannu ya gyara. Na ɗaga na kamfanin, mai kauri da sheƙi (aro na yi, ban taɓa wuce shafin farko ba), na ce, "Kun ga aikin ƙwararru." Sannan na haska wani shafin Hausa na manhajar kyautar da na tsinto a intanet, na karanta da ƙarfi: "Idan taga ta daskare, ka kashe ta da ɓera."

Na jira dariya, na ji tsit. Maimakon in sha jinin jikina, sai na ƙara gishiri: "Don Allah wa ya rubuta wannan? Ko a kasuwar shanu ya tsinci Hausar?"

Malam Bukar ya ɗaga hannu daga bencin baya.

"Ni ne, ɗana. Da Bolanci na tashi, Hausar a hanya na koya. Amma na kamfanin nan naka na duba shi, ko layi ɗaya na Hausa babu, kuma ba su bar mini wurin ƙarawa ba."

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Na fara tattara kayana, a raina na ce aiki kam ya tafi.

"Ina za ka?" in ji shi. "Shafin a buɗe yake. Zauna ka gyara mana."

Na zauna gumi na karyo mini. Ashe gyaran ya fi ba'ar wuya. Da taimakon ɗaliban muka mai da ɓera linzamin kwamfuta, muka ce in shafi ya ƙi motsi a rufe shi, muka tura. Malam ya karanta, ya gyaɗa kai.

"Ka fi ni Hausa. Ka zo Litinin, akwai sauran shafuka da yawa."

Tun daga ranar, kafin in kushe aikin sa kai sai na fara tambayar wanda ya yi shi, a hankali, kuma ba a gaban aji ba.