Nomau da Tankin Motar Iya

A garinmu, Unguwar Makau, katangarmu ɗaya da gidan Iya Lanti, don haka abin da zan faɗa muku da idona na ga yawancinsa. Iya Lanti tsohuwa ce mai tsabta da kaifin harshe. Tana zaune da 'ya'yanta biyu maza. Babban shi ne Sallau, wanda ya shekara ashirin da bakwai yana tuƙa doguwar bas kafin ya ajiye aiki. Da yake ɗan fari ne, Iya ba ta faɗin sunansa, Direba take ce masa. Ƙaramin kuwa shi ne Nomau, mijin Talatuwa mai zoɓo. Nomau ya haura arba'in, ga ƙarfi ga farar zuciya, sai dai abin da ka ce masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. An taɓa ce masa ya hana akuya cin shuka, ya tumɓuke shukar duka ya kai ɗaki ya kulle.

Iya tana da ƙanwa ɗaya tilo, Hansai, wadda aure ya kai can Gembu, kan duwatsu. Shekara goma sha tara ba su sa juna a ido ba. A wannan shekara Hansai ta aiko cewa jiki ya yi nauyi, in Yayarta na son ganinta ta zo kafin damina ta sauka, don in ruwa ya fara hanyar ba ta biyuwa ga tsofaffi. Iya na son zuwa kamar me, amma gwiwoyinta sun daina tsuguno, kuma ta rantse ba za ta yi tafiyar kwana huɗu ana sauke ta a bakin titi kamar buhu ba. Shi ya sa Sallau ya jawo wata tsohuwar bas ya cire kujerunta, ya sa gado, ya shimfiɗa kafet, ya yi bayan gida mai masai na zama. A ƙarƙashin masan, Isiyaku mai walda na cikin gari ya ƙera tankin ƙarfe mai bututu da bawul na buɗewa da rufewa a gefe. Aka ajiye motar a bayan gida kusa da wani rami da aka haƙa, aka ce Iya ta kwana biyu a ciki ta saba.

Wata rana Sallau ya kira Nomau ya nuna masa bawul ɗin.

"Aikinka ɗaya ne. Kada ka bari tankin nan ya cika."

"To, Yaya."

Nomau ya ɗauko kujera ya dasa a gindin motar. Da ya ji Iya ta shiga da buta sai ya miƙe tsaye, da ya ji ta fito sai ya buɗe bawul ya zubar da ɗan abin da ya sauka. Iya ta leƙo ta taga ta ce, "Wai kai ba ka da aiki sai gadin shigata?" Ya ce, "Shi ne aikina, Iya." Haka aka yi kwana tara. A na goma ya buɗe bawul, ko ɗigo bai fito ba. Isiyaku ya zo a kan babur, ya haska cikin masan da tocila, ya ɗago yana girgiza kai.

"Wa yake buɗe wannan abu kullum?"

"Ni ne," in ji Nomau yana murmushi.

"To ka ga aikinka. Ruwa yana ta gudu yana barin ƙazanta a baya, ta taru ta bushe, ga ta can ta yi tudu kamar suri. Tanki ana barinsa ne ya haura rabi, sannan a buɗe gaba ɗaya, ƙarfin ruwan ya share komai."

Sallau ya dafe kai. Ya dubi ƙaninsa ya ce daga yau kada ya sake taɓa bawul ɗin nan, ko da gobara ake yi a gari.

Wata rana kuma, wato kashegari, ranar sunan jikata ce, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci kafin in yi dariya. Kafin Isiyaku ya tafi ya bar saƙo cewa a yi ta ɗura ruwan zafi a masan har sai ya fito. Nomau ya tashi da wannan a ransa. Ya leƙo gidana ya tarar mata sun ɗora manyan tukwane uku na ruwan tuwo suna tafasa, su kuma sun shiga ɗaki ganin jaririya. Ya sauke su ɗaya bayan ɗaya ya yi bayan gida da su. Ya ɗura ta farko, bai ga komai ba. Ya ɗura ta biyu. Bawul fa yana rufe, don an ce kada ya taɓa. Yana cikin ɗura ta uku sai abin ya fito, amma ta sama, ya malalo daga bakin masai ya bi kafet ya nufi ƙarƙashin gado. Nomau ya ruga majalisa inda Sallau yake zaune da baƙina.

"Yaya, albishirinka!"

"Goro."

"Ya fito!"

Sallau ya tashi da murna, ko takalmi bai tsaya sawa ba, ya haye motar a guje. Mun ji ƙarar faɗuwa, sannan muka ji salati. Baƙina ba su ci tuwo ba sai bayan la'asar. Da Sallau ya buɗe bawul da kansa, ruwan ya ɗan tsiyaya har tankin ya koma rabi, daga nan ya sake tsayawa cik. Iya kuwa ta sa aka kwaso kayanta aka mayar ɗakinta, ta ce ba ta ƙara sa ƙafa inda ba za ta iya shimfiɗa abin sallah ba. Talatuwa ta kwana uku tana wanke kafet da sabulu da toka.

Wata rana zafi ya yi zafi, wari ya fara shigowa har tsakar gidana. Na fita na yi wa Sallau magana, kuma ban yi ta da daɗi ba. Shi ma da haushi ya juya kan Nomau.

"Ka nemi laka ka toshe duk wata kafa da wari zai bi."

"Duk, Yaya?"

"Duk na ce!"

Nomau ya kwaɓa laka kamar mai shirin ginin rumbu. Ya bi motar nan daga gaba har baya. Ya liƙe gefen tagogi, ya liƙe ramin makullin ƙofa, ya cusa wa ham, ya hau rufi ya toshe ɗan bututun da iskar tanki take fita ta cikinsa, ya sauko ya cika salansa, wato bututun hayaƙin mota, dam. Rana ta gasa lakar ta yi tauri. Da azahar sai masan ya fara gurnani shi kaɗai, don iskar ciki ta rasa hanyar fita, kuma warin da muke kuka da shi ya ninka. Sallau ya shiga ya ce bari ya matsar da motar nesa da gidaje. Ya murza makulli sau ɗaya, sau biyu. A na uku muka ji ƙara kamar ta bindigar maharba. Dunƙulen laka ya fita daga salansa ya tsallake hanya ya ɗauke hular Mai Unguwa, wanda yake tafe a kan keke zai kawo nasa ƙorafin. Allah ya sa hular kawai ya samu. Mai Unguwa ya sauka ya ɗauki abarsa ya kaɗe, ya juya kekensa ya koma gida.

A ranar ne ɗan Hansai ya bugo waya. Ya ce hadari ya fara haɗuwa a wajensu, bai fi sati ɗaya ko kwana goma ruwa ya sauka ba. Ya ce uwarsa duk motar da ta ji ƙararta sai ta ce a duba ko Yayarta ce. Iya ta saurara ta miƙa wayar. Ba ta yi faɗa ba, ba ta zagi kowa ba, ta koma ta zauna a bakin ƙofarta tana murza carbi. Ni da na saba jin muryarta ta kan katanga tun ina saurayi, shirun nan ya ba ni tausayi, ya kuma ba ni tsoro.

Wata rana, bayan Sallau ya ɓata yini yana ƙwaƙule laka, ya ce a kai motar cikin gari wurin Isiyaku, ko dai a gyara ko a yanke tankin. Talatuwa ta ce tun da mota za ta gari, a taho mata da buhun ƙanƙara na zoɓo. Isiyaku ya shiga ƙarƙashin motar ya zura ƙarfe, ya buga, ya zungura, ya fito da gumi.

"Wannan sai an yanke an ƙera sabo. Farantin ƙarfen kuma sai na aika an kawo. Ku ba ni sati uku."

"Sati uku ruwa ya sauka, Isiyaku."

"To ni ya zan yi, Direba? Ba ni na riƙe ruwan ba."

Sallau ya tada mota, Nomau na tare da shi. Suka biya ta wurin masu ƙanƙara, Nomau ya saɓo buhu ya shigo da shi yana ɗiga. Sallau ya waiwayo ya ga ɗigon a kan kafet ɗin da aka sha wahalar wankewa.

"Kai! Ka sa ta inda ruwanta ba zai jiƙa kafet ba."

Nomau ya tsaya da buhu a kafaɗa yana dube-dube. Kan gado akwai kafet a ƙasa. Bakin ƙofa kafet. Bayan kujerar direba kafet. Wuri ɗaya tak ya gani a motar nan da ruwa yake shiga ba ya taɓa kafet. Ya ɗauko sifanar taya ya farfasa ƙanƙarar, ya yi ta jefa ta a masai dunƙule-dunƙule har buhun ya ƙare. Ya rufe marfi, ya wanke hannu, ya zo ya zauna kusa da yayansa da kwanciyar hankali.

Hanyarmu daga gari gargada ce zalla, ga ramuka, ga kwazazzabai biyu. Direba mai hankali yana yin ta a awa ɗaya. Sallau da ɓacin rai ya yi ta a rabin haka. Tun daga ramin farko wani abu ya fara dukan ƙarƙashin motar, gwaram, gwaram, kamar mata goma suna daka a turmi ɗaya.

"Yaya, ka ji?"

"Na ji. Ko me ne ne ya ɓalle ya faɗi, na gaji."

Suna isowa Talatuwa ta fito da kularta ta ce, "Malam, ina ƙanƙarar?" Nomau ya kai ta ƙofar bayan gida ya ɗaga marfi ya nuna mata. Ihun da ta yi shi ya fito da ni, ya fito da rabin unguwa. Sallau ya zo ya leƙa, ya dubi ƙaninsa. Can ya ce a ja bututu zuwa rami, gara ya rage ruwan kafin ya sake malalowa su shiga bakin duniya karo na biyu. Nomau ya riƙe bututun, Sallau ya durƙusa ya murɗa bawul ba tare da ya sa rai da komai ba.

Bututun ya yi tsalle a hannun Nomau. Abin ya taho da ƙarfi, ya yi ta zuba, ya yi ta zuba, muka ja da baya muna toshe hanci muna dariya. Ashe duk hanyar nan dunƙulen ƙanƙara suna kai da kawowa a cikin ruwan da ya rage, suna dukan tudun nan har suka rushe shi, sannan suka narke ba su bar abin da zai toshe bututu ba. Sallau ya zuba bokiti biyu na ruwa a masai, suka fito ta ƙasa garau. Ya zauna a ƙasa daɓas yana dariya har da hawaye. Nomau kuwa hankalinsa na wani wuri.

"Yaya, ka duba kafet. Ko ɗigo bai taɓa shi ba."

Iya ta fito da sandarta. Aka kama ta ta hau motar. Ta shinshina nan, ta shinshina can, ta shafa kafet da tafin hannu, ta shiga da butarta ta rufe ƙofa. Da ta fito sai ta shimfiɗa abin sallarta a tsakiyar motar ta yi la'asar a zaune. Tana sallamewa ta leƙo ta taga, muryarta ta dawo yadda na san ta.

"Direba, me kake jira? Talatu, kwaso kayana. Kai kuma Nomau, da kai za a tafi."

Da safe suka tashi. Sauran labarin Sallau ne ya ba ni bayan sun dawo. Ya ce kwana huɗu suka yi, suka hau duwatsun nan hadari na bin su a baya, suka shiga Gembu da rana tsaka. Hansai tana kwance a kan tabarma a tsakar gida. Da ta ji sallama ta yunƙura ta zauna, ta kama fuskar Iya da hannu biyu tana shafawa, su biyun suna kuka suna dariya, ba mai iya gama magana.

"Yaya, ashe zan gan ki? Wa ya kawo min ke?"

Iya ta share ido da gefen mayafi, ta miƙa hannu baya ta jawo Nomau da ke tsaye riƙe da butarta.

"Direba ne ya tuƙa," ta ce. "Amma wannan ne ya kawo ni."