Farin Fentin Da Ya Tsaya A Saman Kujerar Mai Gida

Yau da hantsi wani bawan Allah mai kaki ya tsayar da ni a hanyar asibiti, ya yi mini tambayar da ban taɓa zaton za ta gagare ni ba: "Malam, motar nan wace kala ce?"

Na ce baƙa ce, yallaɓai. Ya duba takarda, ya ga baƙa aka rubuta. Sai ya yi ɗage ya leƙa rufin motar, ya yafito abokin aikinsa shi ma ya zo ya leƙa. A can sama, ta baya hannun dama, ga wani farin fenti mai faɗin sallaya, fari fat, sai ƙyalli yake a rana. Ya ce takarda ta ce kala ɗaya, idonsa ya ce kala biyu, don haka in gangara gefe in kashe mota.

Da ni kaɗai ne da sauƙi, tsayuwa a rana ai layin mai ya gama horar da mu. To amma Baba na zaune a gaba. Mahaifina ne, ya haura saba'in da biyar, yana fama da hawan jini, kuma duk Alhamis nake ɗauko shi daga Tudun Wada in kai shi ganin likita. Tun bara likitan ya ja mini kunne cewa zafi ba ya yi wa tsohon nan kyau. Sau biyu numfashinsa yana yin sama-sama a cikin motar nan, ina tuƙi da hannu ɗaya ina yi masa fifita da ɗayan. Esin motar kuwa, wato na'urar sanyi, ya riga mu gidan gaskiya tun kafin in saye ta. Wanda duk ya san ranar Minna a watan Maris ya san baƙar mota tanderu ce kawai aka sa wa taya.

Bari in gaya muku yadda aka yi sallayar nan ta hau rufin motata.

Ina da aboki a Sabon Gari, Josiah, mai fentin mota. Wata rana ya ga yadda na fito da Baba daga mota jiƙe sharkaf da gumi, sai ya ja ni bayan garejinsa. Ya shanya ɓallayen kwano biyu a rana, ɗaya baƙi, ɗaya ya sha wani farin fenti. Ya ce in taɓa. Na taɓa baƙin, na janye hannu babu shiri. Na taɓa farin, ɗumi-ɗumi kawai.

"Ka gani, Malam Ladan? Wannan fenti ba ya shan rana, mayar da ita yake yi inda ta fito. Rufi kawai za mu yi, Baba zai ji bambanci."

Muka tsayar da ranar Asabar. Ana jibi Asabar ɗin sai ga maƙwabcina Ndaceko, mai ɗaukar fayil a wani ofis da ba zan ambata ba, ya shigo bakinsa har kunne. Wai manya sun tausaya mana, sun kafa Kwamitin Sanyaya Motocin Talakawa, za a yi bikin ƙaddamarwa, ana neman motar talaka na gaske wadda za a gwada fentin a kanta a gaban jama'a.

"Ana faɗa na tuna da taka," in ji shi. "Na ce musu kada su wahala, an samu."

Har yau ban tantance ba ko godiya ya kamata in yi ko fushi. Amma da ya ce motar gaba ɗaya za a fente kyauta, sai kwaɗayi ya yanke mini hukunci. Na kira Josiah na ce a fasa. Ya ce, "To, Allah ya sa a gama lafiya."

Ranar biki, jama'a, an yi abin a zo a gani. Rumfuna bakwai, kujerun haya, makaɗa, riguna da huluna masu hoton farar mota. Ƙarfe goma aka rubuta, ƙarfe biyu babban baƙo, Mai Girma Garkuwan Inuwa, ya iso, kuma wannan saurin ya yi don ƙaunar da yake mana. Motoci goma sha ɗaya suka rako shi, duk baƙaƙe wuluk irin tawa, har na ji ashe muna da dangantaka. Aka jera su gefe, babu kowa a ciki, injuna na kunne, esi na aiki har aka tashi, don kada kujera ta yi ɗumi kafin masu ita su dawo. Man da suka sha a tsaye a ranar ya isa in kai Baba asibiti har bayan babbar salla.

Mai Girma ya yi jawabi mai ratsa jiki. Ya ce kafin ƙarshen shekara duk motar talaka a garin nan za ta zama fara, zafi ya nemi wani gari. Muka tafa. Aka miƙa masa burushi mai ɗaure da kyalle, aka buɗe gwangwanin fenti. Ya zagaya motata sau ɗaya yana kallonta kamar yadda ake kallon majinyaci, ya waiwayi mai riƙe masa lema ya ce, "Daga ina ake farawa?"

Mai lema ya ce, "Ranka ya daɗe, daga inda mutum yake zama."

Mai Girma bai yi wata-wata ba, ya nufi ƙofar baya ta hannun dama, kujerar mai gida. Ku yi masa adalci: tun da Allah ya ɗaukaka shi, nan kaɗai ya san ana zama a mota. Ya shafa sau shida a saman wurin, aka ɗauki hoto, makaɗa suka ɗauka. Wani ya manna mini takarda a gilashi mai cewa Aikin Kwamiti, Kashi Na Ɗaya. Kafin in buɗe baki an rufe gwangwanin, na bi shi da ido har ya shige but ɗin ɗaya daga cikin baƙaƙen motocin.

Sati bakwai ke nan. Na je ofishin kwamiti har masu gadi sun daina tambayata wurin wa na zo. Ndaceko ya ce kashi na biyu yana jiran rahoton ƙaramin kwamiti, su kuma sun tafi wata ƙasa da ake zuba ƙanƙara don su gane wa idonsu yadda sanyi yake. Wannan himma ce, dole a yaba. Na ce to ni zan ƙarasa abina. Ya dafe ƙirji.

"Ka shafa fenti a kan hannun Mai Girma? Maƙwabci, wannan wurin tarihi ne yanzu. Ka rufa mini asiri, ni na kawo ka."

Na koma wa Josiah ina sunkuyar da kai. Bai yi mini gori ba, abin da ya fi gorin ciwo ke nan. Ya karanta takardar gilashin, ya goge hannu da tsumma, ya ce shi yana da iyali, ba zai taɓa aikin manya ba. Ya dai sa tafin hannu ta ciki a ƙarƙashin farin, ya sa a ƙarƙashin baƙin, ya ce, "Fentin na gaske ne fa. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan."

Na je inda ake sauya kalar mota a takarda. Akawun ya fito da kansa ya duba, ya ce ba zai rubuta fara ba don ba fara ba ce, ba kuma zai bar baƙa ba don ta daina zama baƙa zalla. In dawo idan motar ta yanke shawara.

To ga mu yau a gefen titi, mai kaki ya tafi da takarduna inuwar wata bishiya yana nazari. Minti ashirin, talatin. Na dubi Baba, na ga leɓensa ya bushe, ya jingina kai, carbin ya tsaya a hannunsa. Gaskiya tsoro ya kama ni. Na ce Baba ka koma baya, ƙarƙashin farin nan. Ya ƙi, wai shi ba zai harɗe a baya ɗansa na tuƙa shi kamar direban haya ba. Na ce yau dai ka yi haƙuri. Na kama shi na zaunar a kujerar mai gida, na buɗe ƙofofi, na ba shi ruwa.

Josiah bai yi ƙarya ba. Sannu a hankali numfashin Baba ya daidaita, carbi ya ci gaba da tafiya. Ya gyara zaman hula, ya baza babbar rigarsa, ya ɗora hannu a kan ƙofa. Na ji wani sanyi a raina wanda babu kwamitin da ya ƙaddamar da shi.

Can mai kaki ya dawo. Ya ga dattijo ya kame a kujerar mai gida, farin fenti daidai saman kansa, ga takardar kwamiti a gilashi. Nan take ya ƙame ya sara.

"Ranka ya daɗe, a gafarce mu, ba mu san kana ciki ba." Ya juyo gare ni ya miƙo takardu yana harara. "Kai kuma direba, ba ka da baki ne?"

Na karɓa na tayar da mota. Sitiyari kamar garwashi, gumi na bin bayana har cikin wando. Na fara mita, ina cewa wallahi sai na rubuta wannan a jarida, mutane na soyuwa a gari ana wasa da hankalinsu. Sai na ji murya daga baya, a natse, irin ta wanda ya ci ya ƙoshi.

"Ladan, ka cika ƙorafi. Ni fa ban ga wani zafin da kake ta faɗa ba. Ja mota a hankali."

Na dube shi ta madubi, ya lumshe ido abinsa. Dattijon da ya shekara arba'in yana ɗinki a ƙarƙashin rumfar kwano ne fa, kuma minti goma kacal ya yi a wurin. Su kuwa manyanmu shekara da shekaru suke zaune a nan. Daga yau na rage ganin laifinsu, na kuma ce, "To, ranka ya daɗe," na ja mota a hankali.