Robar da Na Ciro a Kogon Bishiya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tara manya a falon Anti Binta don in fasa aurena a kan robar abinci ba. Roba dai, irin wadda ake zuba ragowar shinkafa a sa a firij.

Bari in fara da aibina: ba ni da haƙuri. Ko takardar da ke cikin kwalin magani ba na karantawa (kuma a kemis nake aiki, Allah ya rufa asiri). Shi kuwa Mukhtar, wanda saura wata uku a ɗaura mana aure a lokacin, mutum ne da zai tsaya gaban allon tarihi a bakin titi ya karance shi tas, ni ina gefe sanyi na cina. Ina zaune a ƙasar waje, a unguwar Lewisham, wurin ƙanwar mahaifiyata, Anti Binta. Shi yana unguwar Plumstead tare da yayarsa, Yaya Hadiza.

Wata Lahadi da la'asar na tafi gaida Yaya Hadiza ban sanar ba. Saukata daga bas ke nan na hango Mukhtar ya shiga filin shan iska na unguwarsu yana waige-waige. Na bi bayansa. Sai ga shi ya durƙusa gindin wata tsohuwar bishiya, ya zura hannu cikin kogo, ya ciro wani abu baƙi. Ya buɗe, ya yi murmushi shi kaɗai, ya mayar, ya lulluɓe da ganye. Ya sake duba hagu da dama, ya wuce.

Don Allah, duk wanda ya girma a gida, me zai zo masa a rai?

Yana ɓacewa na je na ciro. Roba ce an naɗe ta da baƙin salatif. A ciki akwai tsohon kwabo, da maɓalli, da wata 'yar tsana mai ido ɗaya, da guntun fensir, da takardu biyu a nannaɗe an ɗaure da jan zare. Ta farko tana ɗauke da ranar haihuwata da manyan baƙaƙe. Ƙasa da ita jerin sunaye: wani sarki, wani matuƙin jirgin ruwa, wata mawaƙiya, wani mai binciken taurari, kowa da shekarar haihuwarsa da ta mutuwarsa. Na ƙarshe a jerin sunana ne. Shekarar haihuwata, sai ɗan layi, sai fili. Fili fa, kamar ana jira a cike.

Takarda ta biyu leƙa ta kawai na yi. Na ga wani ya sa hannu da sunan Tsohuwar Mujiya, wani da Baƙin Dila, na ce shi ke nan, har shaidu an kira. Na fasa gaisuwar, na cusa robar a leda, na koma tashar bas.

Anti Binta ta saurare ni tana yankan alayyahu. Ta ce, "'Yar nan, ki kira shi ki tambaye shi."

Na ce, "In tambayi wanda ya jera ni da matattu?"

"Yaron da ko gaisuwa sai ya durƙusa?"

"Ai na ga durƙuson nasa yau, Anti."

Na dai lura cewa da cokali biyu ta ɗaga robar daga kan teburinta. Ni kuwa na tuna abin da nake ji tun ina ƙarama, wai gishiri na karya asiri, na cika bokiti da ruwan gishiri na tsoma takardun duka biyu. Kwana uku ban ɗaga wayar Mukhtar ba. Ran Laraba na kira Yaya Hadiza na ce ta zo da ƙaninta, akwai magana.

Suka zo da yamma, ita ko kayan aikinta na asibiti ba ta cire ba. Na ɗora robar a faranti a tsakiyar falo, da jiƙaƙƙun takardun a gefe. Na yi jawabi (sau biyu na gwada shi a banɗaki). Na ce ni ba a yi min asiri, wanda yake so na ya zo ta ƙofa, kuma in dai haka ne a mayar wa kowa da kayansa, na fasa.

Mukhtar bai dube ni ba. Farantin yake kallo. Can ya ce a hankali, "Ashe ke ce. Tun Litinin ake min ƙorafi an sace."

"Su wa? Su Mujiyar?"

"Eh, har da ita. Tsohuwar malamar makaranta ce, da sanda take tafiya. Ta koma da ƙawarta don ta nuna mata, suka tarar ba komai."

Yaya Hadiza ta miƙa hannu ta ɗauki murfin robar, ta juya shi. A cikinsa akwai takarda manne, rubutu ɓaro-ɓaro. Ta karanta da ƙarfi, tana fassara wa Anti: wannan wasa ne da ake kira geocache, mutane na ɓoye ƙananan akwatuna, wasu su nemo su da taswirar waya, su sa hannu, su ɗauki ɗan abu su bar wani a madadinsa. In ka tsinta bisa kuskure, don Allah ka mayar inda ka gani.

Kwana uku murfin nan yana hannuna. Ban juya shi ba.

Mukhtar ya buɗe wayarsa ya nuna mana shafin wasan. Kowane akwati da jigonsa, nasa kuwa a kan rana ɗaya ya gina shi: abubuwan da suka faru a ranar cikin tarihi, da fitattun mutanen da aka haifa a cikinta. Ranar tawa ce, kuma Asabar ɗin makon za ta zagayo. Sati uku ya yi yana tono sunayen. Ya roƙi duk wanda ya gano robar ya rubuta wa amaryarsa fatan alheri a takarda ta biyu, don ran Asabar ya kai ni in nemo da kaina in karanta.

Duk muka juya ga takarda ta biyu. Fensir da biro sun narke, ta zama kamar tuwon da ya kwana a ruwa.

Na ce (don bakina bai san lokacin yin shiru ba), "To filin da ka bari gaban sunana fa?"

Ya ce, "Ai ke ba ki mutu ba. Me zan rubuta?"

Yaya Hadiza ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Anti Binta kuwa cewa ta yi, "Ni dai na ce a tambaye shi," kamar ba ita ce mai cokali biyu ba. Da ƙasa ta tsage a lokacin, da na shige na ja ganye na rufe kaina.

Abin da ya fi ƙona ni shi ne bai yi faɗa ba. Ya ɗauki takardar da yatsa biyu ya ce, "Akwai wata da ta rubuta miki layi biyar. Ban ɗauki hotonsa ba, na so ki fara gani." Nan ne hawaye ya zo min, na gaske. Na ce ya yi haƙuri. Yaya Hadiza ta ce, "Amaryarmu, a mayar da kayan ne ko a bari?" Na ce a bari, murya kamar ta sauro.

Sharaɗi ɗaya ya kafa: ni zan mayar. Ran Asabar, ranar haihuwata, na durƙusa gindin bishiyar nan da sabuwar abayata, hannuna cikin kogo, ina waige-waige. Wani dattijo mai kare ya tsaya yana kallona, irin kallon da na yi wa Mukhtar sak. A sabuwar takardar da muka saka, ni na fara sa hannu, na rubuta wa Tsohuwar Mujiya ban haƙuri. Na kuma sa aka goge ɗan layin nan na gaban sunana, don wasa wasa ne amma kada a wuce gona da iri.

Auren dai an ɗaura. Darasin da na koya bai kai tsawon jawabina ba: kafin ki tara dangi, juya murfi. Haƙuri kuwa har yau ban koya ba. Sai dai duk ranar da na ɗauko faɗa da zafi, Mukhtar miƙewa yake yi. Kicin yake shiga, ya ɗauko murfin roba, ya ajiye min a cinya.