Gayyata Sittin ga Kawu Bube

Ba zan taɓa mantawa da ƙarar murfin tukunyar nan ba, kwal-kwal, miya na neman zubewa. Ita ta sa na danna "aika" ban gwada ba, na ruga madafa.

Lokacin watana uku a ajin kwamfuta na mata a nan Bagudo, kai ya fara kumbura. Da bikin ƙanwar maigidana ya matso, na ce wa surukata Inna ta bar min gayyata, kada kowa ya sha rana. (Har da gyara mayafi na faɗa, Allah Ya yafe min.)

Na rubuta ɗan shirin kwamfuta mai zagaya jerin mutum sittin yana aika musu saƙon waya. Akwai akwati guda, bariyabul, mai ɗaukar suna da lambar wayar baƙo ɗaya bayan ɗaya. Kowane zagaye kuma yana barin ƙaramin ɗan aike, fankshin, da zai ɗan jira kafin ya aika saƙo. Ashe fankshin ba ya kwafe abin da ke cikin akwati, akwatin kansa yake riƙewa. Kafin fankshin na farko ya buɗe akwatin, zagaye ya ƙare, baƙo na ƙarshe ne kaɗai a ciki: Kawu Bube, ƙanen Inna, can tsallaken iyaka cikin Benin.

Ranar biki danginmu na garuruwan Zagga da Bahindi suka zo suna ƙorafi wai a bakin kasuwa suka ji labari. Ina cikin ɗora wa netwok laifi sai ga motoci uku maƙil. Kawu ya sauko yana ɗaga waya.

"Ina ɗiyar nan mai kwamfuta? Allah shi yi miki albarka. Sau sittin kika kira ni, na ce to mutum sittin take so."

Tsakar gida ta ɗauki dariya. Inna ta dube ni, ta dubi tukwanen shinkafa, ta ce in ajiye kwamfuta in ɗauki muciya. Har la'asar ina gaban murhu, amma kowa ya ƙoshi, kuma baƙin Kawu ne suka fi kowa guɗa.

Malamarmu ta ce wannan riƙon akwatin shi ake kira kulosha, maganinsa kuwa kowane zagaye a ba shi akwatinsa. Ni dai na koyi gwaji da mutum biyu, in sauke miya tukuna.

Ɗiyata Nana ma ta koyi nata. Washegari ta ja zanena: "Umma, in za ki raba alawa da kwamfuta, ki sa sunana a ƙarshe."