Lambobin Dogo a Teburin Kaka

"...lafiya lau, sai dai gwiwa. Kai kuma me ya fito da kai da hantsin nan, da jaka a kafaɗa kamar wanda mai gidan haya ya kora?"

"Zuwa na yi in ga ko matata tana nan da rai," in ji Dogo, yana sunkuyawa don kada goshinsa ya bugi saman ƙofa. "Na ji shiru, na ce ko na zama gwauro ban sani ba."

"Ina nan daram. Sai na ga furfurarka, na tsige ta da hannuna."

Dogo jikanta ne na fari, mai haɗa magani a asibiti. Ɗakin Kaka yana can ƙuryar gidan, kuma shi kaɗai ne ke da babban tebur a gindin taga mai haske. Gaskiyar magana, teburin ne ya kawo shi, gaisuwar rakiya ta yi. Ya zazzage jakar a kai: guntayen takardu, bayan ambulan, murfin kwalin magani, kowanne cike da lambobi. Sai kwamfuta, da wata 'yar na'urar nuna hanya mai ruwan ɗorawa, da igiyar ratayawa.

"Wannan bolar fa?"

"Ba bola ba ce, dukiya ce. Wata takwas ina tara ta."

Wani wasa ne da shi da abokansa uku suka faɗa ciki. Mutane kan ɓoye ɗan gwangwani a kogon itace ko ƙarƙashin gada, da 'yar takarda a ciki, su sa lambobin wurin a intanet, na arewa da na gabas. Wanda ya gano sai ya rubuta sunansa ya mayar yadda ya tarar. Amma wasu masu ɓoyon ba sa ba da lambobin gaskiya. Na bogi suke sawa, sai ka warware wani wasa ƙwaƙwalwa kafin na ainihin su fito. Dogo ya warware talatin da ɗaya. Matsalar ita ce, watan jiya da ya zuba su a na'urar, na bogi da na gaskiya suka cakuɗe, na'urar ta kai su bakin tafki ta nace sai sun ƙara taku ɗari uku cikin ruwa. Abokan sun ce gobe ce damarsa ta ƙarshe. In ya sake, za su karɓe na'urar su bar shi da ɗaukar gorar ruwa.

Kaka ta gama saurare ta girgiza kai.

"Wato gardawa huɗu, kowa da gemunsa, kuna yawon daji neman gwangwanin da babu komai ciki."

"Akwai takarda."

"Takarda. Ni dai na yi asarar miji. Mazan mutane suna dawowa da cefane, nawa yana dawowa da ƙaya a wando."

"Ba za ki gane ba, tsohuwa. Wannan harkar masu ilmi ce. Ke dai ki ɗan matsa, kada numfashinki ya hure mini lissafi."

Ya buɗe kwamfutar ya fara shigar da lambobi, yana ɗauka yana ajiyewa, yana tsaki. Kaka ta sa tabarau, ta miƙa hannu ta ɗauki wani murfin kwali, ta nisanta shi da fuskarta.

"Wannan bayan tashar jirgin ƙasa yake."

Dogo ya yi dariya. "Lambobi ne fa, ba adireshi ba."

"Bayan tasha, wajen tsohon tankin ruwa. Duba mana, tunda kai ne mai ilmi."

Don ya kunyata ta ya shigar da lambobin. Ɗigo ya sauka a kan taswira, bayan tasha, dab da tankin.

"Sa'a ce," ya ce.

Ta ɗauki wata. "Hanyar filin jirgin sama, kafin gada ta biyu, hannun hagu."

Ya duba. Haka ne. Ta ɗauki ta uku, ta huɗu, ba ta kuskure ko ɗaya ba. Dogo ya janye hannunsa daga kwamfutar a hankali, ya zuba mata ido. A gidan abin da ake cewa kawai shi ne Kaka ta yi aikin ofis, shi kuwa tun yana yaro ya yanke cewa buga takardu take yi, bai taɓa tambaya ba.

"Tsohuwa, aljanu gare ki?"

"Aljani ɗaya gare ni, ga shi nan zaune, dogo, mara kai. Shekara talatin da biyu na yi a ofishin safiyo ina zana taswirar garin nan da kewayensa, tun ubanka yana tsotsar yatsa. Maza su fita su auno, su kawo mini lambobi, ni in mai da su hanya da kogi da tudu, da alƙalami mai baki kamar allura. Kwashe wannan akwatin naka daga kan teburina."

Bai yi musu ba. Ya ɗora kwamfutar a cinya.

Ta buɗe gwangwanin ɗinkinta ta zaro shuɗin zare, ta shimfiɗa shi a karkace daga wannan gefen teburin zuwa wancan. "Kogi ke nan." Ta ajiye mataji. "Layin dogo." Ta jawo kofin shayinta. "Tafkin da ya so ya raba ni da kai, bai yi sa'a ba. Taga ita ce arewa. Miƙo."

Ya riƙa miƙa mata ɗaya bayan ɗaya. Sai ta kalli takarda, laɓɓanta su motsa, ta ajiye ta a wani wuri ta danne da maɓalli ko ƙwallon zare. Hannun nan da ke rawa in za ta ɗaga cokali, yanzu ko gezau.

"Kowace takarda lamba biyu gare ta, ka jera su kamar 'yan biyu, yaya ba za su ruɗa ka ba? Ta bogi ka ja mata layi ɗaya, kada ka goge, wata rana za ka so sanin daga ina ka taso. Ta gaskiya ka kewaye ta."

"To, ranki ya daɗe."

"Yau kuma ni ce ranki ya daɗe? Ɗazu numfashina ke hure lissafi."

"Ɗazu ban san ministar taswira nake aure ba."

"Ka dai riƙe bakinka ka rubuta. Kashi uku za ka yi su: arewa da kogi, kudu da kogi, da na cikin gari. Kowane kashi da fayil ɗinsa. In ba haka ba za ku tsallaka gada sau shida kamar masu neman ɓataccen akuya. Sunan kowane wuri kuma gajere, da lamba a gabansa, ɗaya, biyu, uku, yadda za ku bi su. Fuskar abin nan ba ta kai tafin jariri ba, dogon suna yankewa zai yi, ya bar ka da rabi."

"Yaushe kika san na'urar nan har kika san halinta?"

"Na san ƙaramin wuri. Na rubuta sunan ƙauyuka a filin da bai kai farce ba."

A kan wasu takardu biyu ta tsaya. Ta ce su da daƙiƙa aka rubuta, irin lissafin agogo mai sittin-sittin, sauran kuwa da ɗigo, in ya zuba su yadda suke zai sauka nesa da wurin da taku ɗaruruwa. Kafin ya lalubo wayarsa don ya raba da sittin, ta faɗi amsa. Da wayar ta kawo tata, iri ɗaya ce.

"Kan nan naki, a asibiti ya kamata a ajiye shi cikin kwalba."

"Naka za a fara sawa, shi da ba a taɓa amfani da shi ba, yana nan sabo."

Azahar ta kusa sa'ad da ya gama. Ya jona na'urar da kwamfutar, ya tura fayil ukun, ya buɗe taswira. Ɗigogi suka bayyana. Ya miƙe tsaye ya riƙe kwamfutar a saman teburin, ya kalli fuskarta, ya kalli teburin. Inda takardu uku suka taru a lanƙwasar zare, ɗigo uku ne a lanƙwasar kogi. Inda ɗaya ta ware can bayan mataji, ɗigo ɗaya ne bayan layin dogo. Duk garin yana kwance a kan teburin kakarsa, da zare da maɓallai. Ya ƙirga ɗigogin ɗaya bayan ɗaya.

"Talatin ne," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Saura ɗaya."

Takardar da ta rage tana ƙarƙashin tafin Kaka. "Wannan ba ka warware shi ba, gajiya ka yi. Cikin kofina yake faɗawa, tsakiyar ruwa."

"Sau uku na duba shi."

"Bakwai ɗinka da ɗaya ɗinka uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Rubutun mutanen asibiti. Allah kaɗai ya san me marasa lafiya ke sha."

Ya koma lissafinsa na farko a waya. Bakwai ne. Ya faɗa mata. Ta ɗauki takardar ta wuce da ita zaren, ta wuce sauran duka, ta ajiye ta can bakin teburin, dab da taga. Ba ta ɗauke yatsanta ba.

"Kan dutsen arewa ne," ta ce. "A samansa akwai ginshiƙin kankare, tsayinsa ya kai ƙugu, da ɗan farantin tagulla a ka. Daga shi aka auno duk abin da ke kan teburin nan."

"Kin taɓa hawa?"

"Na zana shi ya fi sau ɗari. Ɗan alwatika da ɗigo a tsakiya." Ta gyara tabarau. "A lokacin ba a fita da mata awo. Labarinsa dai nake ji."

Dogo ya shigar da lambar ƙarshe. Ya ƙara girman taswirar, ya ga wata siririyar hanyar mota tana nannaɗe dutsen har kusa da samansa. Ya cire na'urar, ya durƙusa a gabanta, ya rataya mata igiyar a wuya.

"Na sallama, tsohuwa. Kin cinye ni. Gobe kujerar gaba taki ce, ke za ki ce dama ko hagu. Da dutsen za mu fara. Inda mota ta tsaya, in goya ki."

"Da waɗannan ƙafafun naka kamar sandar goge-goge? Ka zubar da ni a kwazazzabo ka ce tsufa ne."

"Mu huɗu ne, karɓa-karɓa za mu yi."

"To ka gaya musu su yi aski su sa kaya masu kyau. Wanda ya kai ni sama bai yi haki ba, shi ne mijin, kai ka koma ɗan rakiya."

Ta ƙyalƙyale da dariya har tabarau ya zamo, shi ma ya taya ta. Amma hannunta biyu suna riƙe da na'urar gam a ƙirjinta. Da dariyar ta lafa, ta ɗago ta zuwa hasken taga, ta ƙanƙance ido.

"Zo nan, dogon banza. Wanne ake dannawa rubutun ya ƙara girma?"