Ranar da Na Guje wa Ginin da Na Kawo

Ba zan taɓa mantawa da Larabar nan ba, ko na so in manta ma mutanen Goronyo ba za su bari ba.

Lokacin ina jami'in gine-gine a wata 'yar kwalejin koyon noman rani kusa da dam. Ɗalibai sun yi yawa, ɗakin karatu babu, siminti kuma ya fi ƙarfinmu. Sai na miƙe a taro, na gyara zaman hula, na ce mu koma ga ƙasa: tubali, azara, rufin soro, gini mai sanyi da ba ya neman fanka balle janareto. Aka yi ta tafi. Muka ɗauko Baba Magini daga Wurno, tsoho marar yawan magana, ya gama aikin kafin damina.

Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne, ni tsoron ginin nake ji. Wallahi tsoro! Kankare da rodi aka koya mini a makaranta. Duk sanda na ɗaga kai na tuna nauyin ƙasar da ke bisa, sai in nemi hanyar fita. (Ko duba aiki na zo, a bakin ƙofa nake tsayawa, in ce daga nan an fi ganin kuskure.)

Baba ya lura. "Injiniya, mi kaka tsoro? Shigo ka zamna. Wanga soro sai ya ga jikokinka."

"Sauri nake, Baba," in ji ni, kullum.

Sai ga baƙi uku daga Sakkwato, masu yanke hukunci. In ginin ya yi musu, za a bar mu mu yi ɗakunan kwanan ɗalibai irinsa. In bai yi ba, a garƙame shi, ni kuma da na kawo shawarar in nemi wani aikin. Shugabarsu wata Hajiya ce, tsohuwar injiniya mai tabarau. Ta ja kujera zuwa tsakiyar ɗakin, ta ce a nan za ta ji bayanina.

Na shiga da ƙafar dama, ina karanta duk addu'ar da na sani. Gumi har cikin takalmi. Amma baki bai mutu ba. Na buga ƙirji na ce, "Ranki ya daɗe, rufin nan ko giwa ta hau, ba abin da zai same shi."

Ban rufe baki ba sai muka ji dim! a samanmu, sannan wani gurrr mai tsawo. 'Yar ƙura ta zubo kan takarduna.

Jama'a, ban ce wa kowa ya fito ba. Ban tuna da Hajiya ba, ban tuna da shugaban kwalejinmu mai ciwon gwiwa ba. Tagar da na sa aka faɗaɗa don shan iska, ta nan na bi, na dira cikin kwalbatin ban-ruwa, takalmi ɗaya, ina salati. Na runtse ido ina jiran rugujewa.

Abin da ya faɗo mini a ka albasa ce. Sai wata, sai wata, suna gangarowa ta indararo.

Ashe mako biyu ke nan maigadinmu yana jibge buhunan albasar gonar kwaleji a kan soron, don kada awaki su cinye. Jerin buhunan ne ya kife. Baba ya sani tun ranar farko, bai ga abin faɗa ba.

Hajiya ta fito a natse, ta taka tsani da kanta, ta ga tulin buhunan, ta duba azara, ko tsaga babu. Sannan ta leƙo ni daga sama, ina tsamo-tsamo.

"Rufi dai ya ci jarrabawa," ta ce. "Injiniyan ne ba mu tabbatar ba."

Ta sa hannu a kan ɗakunan kwanan, da sharaɗi guda: a mayar da ofishina cikin ginin. Shekara shida na yi a ƙarƙashin soron nan, ɗalibai na kirana Injiniya Taga.

Tun ranar na koyi cewa rufin da ba za ka iya zama ƙarƙashinsa ba, kada ka gayyato masa giwa. Teburina kuwa, gaskiya, kusa da tagar na ajiye shi.